Makin da Makaɗi Ya Ba Ni

A gidanmu yabo abin awo ne. Mahaifina babban akawu ne a Sakateriya, a shekarun da Turawa ba su tattara nasu ya nasu ba tukuna, kuma yadda yake duba takardun ƙananan akawuna a ofis haka yake duba littattafaina bayan la'asar, da jar tawada da fuska guda. Idan ya ce "ba laifi", na san na ci bakwai bisa goma. "Da kyau" kuwa ba ta wuce sau biyu a shekara, kuma in ta fito ana iya kai ta gaban alƙali ta tsaya da ƙafarta. Da haka na tashi, ina ganin duk babban da ya buɗe baki ya yabi aikin yaro, sai da ya auna kafin ya faɗa. Ban taɓa zama da mutumin da yabo ne sana'arsa ba sai da na kai shekara goma sha biyu, ina ajin ƙarshe a wata babbar firamare a nan Kaduna, tsakanin kasuwa da hanyar Kawo.

Hedimastanmu Bazazzagi ne, dogo, mai son sabon abu muddin a takarda ya fara ganinsa. Ya je wani kwas na 'yan makonni, ya dawo da ra'ayin cewa yaran Arewa sun iya busa bigila da taken sojan wata ƙasa amma ba su san kiɗan ƙofar gidansu ba. Rabin maganar gaskiya ce, don bigilar ma ba mu iya ba. Muna da badujala ta mutum shida wadda in ta tashi faretin safe, awakin maƙwabta da kansu suke barin filin. To, sai ya yanke shawarar a kawo makaɗi na gaske ya zauna a makaranta zango guda, yana koya wa ajinmu, ranar iyaye kuma a ƙarshen zango mu nuna abin da muka koya. Ya tafi da kansa layin mahauta a babbar kasuwa ya zaɓo mai kalangu. Aka share ɗakin bayan sito inda ake tara karyayyun bencina aka ba shi, tuwo kuma daga gidan hedimasta. A jadawali aka rubuta "Kiɗa" da kyakkyawan rubutu, tsakanin Lissafi da Labarin Ƙasa.

Makaɗin Basakkwace ne, gajere, dattijo, haƙoransa jajawur da goro, damtsensa na hagu ya fi na dama kauri. Malamai suka rasa inda za su ajiye shi. Ba za a ce masa Malam ba, ba zai shiga ɗakin malamai ba, ba kuma za a haɗa shi da masinja ba tunda yana da darasi a jadawali. Shi ya raba musu gardamar. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaron bayan ajinmu, ya rataye kalangai uku da ƙananan gangunan kuntuku a reshe, wurin ya zama ofishinsa. Mu kuma muka sa masa Baba.

Ranar farko hedimasta ya miƙa masa rajista. Baba ya karɓa hannu biyu, ya duba ta a juye cikin girmamawa, ya mayar. Sannan ya ɗauki tasa rajistar. Ya jera mu, yana bin mu ɗaya ɗaya, bai tambayi sunan kowa ba.

"Kai, ɗan wa? Mi ubanka ka yi?"

Ɗan tela. Ɗan masinja. Ɗan direban jirgin ƙasa. Ɗan malamin asibiti. Kowa ya faɗa sai ya gyaɗa kai ya wuce. Da ya zo kaina na ce mahaifina babban akawu ne a Sakateriya. Baba ya tsaya. Ya gyara hula, ya ja kalangu ƙarƙashin hammata, ya buga wasu 'yan kalmomi sau biyu, sannan ya faɗe su da baki don mu jahilai mu amfana:

"Ɗan mai alƙalami! Ubanka ya rubuta, Bature ya sa hannu!"

Aji ya fashe da dariya da tafi. Nan take na sami take, wato 'yan bugun da makaɗi kan liƙa wa mutum, ko'ina aka ji su a san da shi ake. Ban buga ko sau ɗaya ba, an riga an karrama ni. Ban yi mamaki sosai ba, dole in faɗi gaskiya. Ni ne na ɗaya a aji, na saba a gane ni da wuri.

Na kusa da ni a layi wani siririn yaro ne da ke zama a bencin baya, wanda lissafi ya yi wa katutu tun daga aji uku. Ya ce ubansa mahauci ne. Baba ya dube shi sama da ƙasa kamar mai taya akuya.

"To. Kwance min kayan can daga icce. In ka yar da ɗaya, sai na karya ka."

Haka muka fara.

Wanda bai taɓa riƙe kalangu ba ba zai san abin da ya same ni a makon nan ba. Ganga ce mai siririn ƙugu, fata a kowane baki, da tsarkiyoyin fata da suka haɗa bakin nan da wancan. Ka rataya ta, ka sa ta a hammata. In ka matse tsarkiya muryarta ta hau, in ka saki ta sauka, kuma a tsakanin hawa da sauka nan magana take. Ranar da Baba ya sa kalangu ya ce "sannu da aiki" wa mai sharar makaranta, mai shara ya ɗago ya amsa "yawwa" ba tare da ya yi tunani ba, na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji wanda jimlar lissafi ba ta taɓa motsawa ba. Zuwa na ɗaya a aji ya daɗe da daina yi mini daɗi, ya zama kamar wanke fuska. Wannan kuwa ina so, so na gaske. Baba ya gaya mana cewa ranar iyaye yaro ɗaya ne zai buɗe fage da kalangu, ya yi wa baƙi barka da zuwa da bakin ganga, sauran su bi shi da kuntuku da tafi. Na ƙudura a raina ni ne yaron nan, kuma ba don a ce ni ne ba. So nake in matse fata ta yi magana, mutum ya juyo ya amsa.

A gida na naɗe tsohuwar tabarma na sa a hammata ina matsawa, ina buga gwangwani da kara. Mahaifiyata ta ce ita ba ta haifi maroƙi ba. Mahaifina ya tambaya abu ɗaya kawai: "Yana cikin jadawali?" Na ce yana ciki. Ya ce, "To, a yi shi da kyau." A wurinsa ko rawar kura aka rubuta a jadawali ta zama ilimi.

Ban yi wa zangon nan adalci ba in na ce ba a amfana ba. Makaranta ta canza. Yaran da ba a taɓa jin muryarsu a aji ba suka zama masu baki a gindin mangwaro. Muka koyi saurare, abin da malamai suka shekara suna roƙonmu da bulala ba su samu ba. Baba bai san ƙararrawa ba, kuma bai nemi a gabatar da su ba. In darasi ya yi daɗi sai ya cinye rabin Labarin Ƙasa, shi ya sa har yau kogunan wasu nahiyoyi ba su zauna mini daidai ba. Malamin lissafi, mutumin kudu ne mai haƙuri, ya kai ƙara sau biyu cewa yara suna buga kuntuku a kan tebur da fensir. Hedimasta ya ce masa ai alamar ci gaba ce.

Yadda Baba yake koyarwa kuwa, iri biyu ne, kuma ni na ɗauka na fahimce shi sarai. In na karɓi kalangu na buga, tun ban kai ƙarshe ba zai ɗaga hannu sama.

"Kai! Wanga hannu! Awa da shi anka haife ka. Ku ji hwa, ku ji ɗan mai alƙalami!"

In ɗan mahauci ya karɓa, bugu uku ba ya kaiwa.

"Tsaya, jaki! Kalangu ne ko ƙofar gidanku kaka bugu? Sake. Sake! Kurma, ba ka jiya ba? Nan ta hau, kai ka sauko da ita. Wa ya aike ka?"

Sai ya kama gwiwar hannunsa ya danna, ya kama wuyan hannun ya karkata, ya murɗe masa kunne, ya sa shi maimaita kalma ɗaya har sauranmu mu gaji mu koma wasan 'yar carafke da duwatsu. In an tashi, shi ne mai shanya gangunan a rana, shi ne mai shafa wa tsarkiya mai, shi ne mai zama a baya ana ci gaba da zaginsa bayan mun tafi. Da Sakkwatanci tsantsa ake zaginsa. Ni kuwa in Baba zai yi mini magana har harshensa yakan yi laushi ya karkato wajen Hausar ofis. Gwiwar hannuna bai taɓa taɓa ta ba, kuma na fassara hakan yadda ɗan akawu zai fassara: takardar da ba a sa wa jar tawada ba, babu kuskure a cikinta. A raina na ba kaina tara, na ba ɗan mahauci uku, ukun ma don ƙoƙari.

Har tausayinsa na ji. Wata rana a hanyar gida na ce masa in yana so, ranar Asabar ya zo in nuna masa yadda ake matsawa. Ya dube ni ɗan lokaci, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma, ya ce, "Na gode, ɗan akawu." Bai zo ba. Na ce girman kai ne.

Sau ɗaya kunnena ya so ya cece ni. Ina buga barka da zuwan nan, na ji da kaina cewa wata gaɓa ta fita a karkace, ba yadda take fita a hannun Baba ba. Na tsaya na ce, "Baba, kamar na kuskure a nan."

"Kuskure? Kai? Kalangun ne yak kuskure, bari in yi mai faɗa." Ya ɗaga gangar ya harare ta, ya ɗan mare ta. Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi. Na ɗauka irin barkwancin da malami kan yi wa ɗalibin da ya fi so ne.

Saura mako biyu ranar iyaye, hedimasta ya zo gindin mangwaro da littafinsa ya tambaya wa zai buɗe. Baba ya nuna ni ba tare da jinkiri ba. Hedimasta ya rubuta, da alamar jin daɗi, don shi ma ya fi son abubuwa su faɗa inda suka saba faɗawa. Baba ya ƙara da cewa ɗan mahauci zai tsaya a bayana da ƙaramin kalangu yana bina, ko Allah ya sa ya tsinci wani abu. Haka muka yi ta gwaji, ni a gaba shi a baya, muna bugawa tare. In sauti ya fita da kyau na san nawa ne. In ya fita a hargitse na san daga ina matsalar take, kuma Baba yakan tabbatar mini da hakan da rankwashi a kan wanda ke bayana.

Ranar iyaye aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai wajen hantsi. Aka fito da bencina aka goge. Baturen makarantu da matarsa da hedimasta suna kan kujeru a gaba. Bayansu ma'aikata, cikinsu har da mahaifina da farar riga da jar dara, ya ɗora hannu bisa gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Can baya, a tsaye, teloli da mahauta da 'yan koli da suka bar rumfunansu na awa ɗaya. Aka yi karatun Turanci, aka yi wasan motsa jiki, badujala ta yi abin da ta saba, Bature ya jure.

Mu muna bayan sito. Saboda damshi Baba ya kai gangunan kusa da murhun masu dafa abinci don fatar ta ɗame, yana ta fama da su shi kaɗai, ya hana kowa matsowa. Sai da aka kira mu, yara sun fara fita, sannan ya taho wurina. Ba kalangun gwaji ya riƙo ba. Nasa ne, babban, mai adon jar fata da tuntaye, wanda zango guda bai bar kowa ya ko shafa ba. Da hannunsa ya rataya mini, ya gyara mini wuyan riga.

"Tahi, ɗan mai alƙalami. Yau ranarka ta."

Saura kaɗan in yi hawaye. Na fita gaban mutane ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na tsaya, na ɗaga sandar kiɗa, na matse hammata don kalmar farko. Ba abin da ya motsa. Na sake matsawa da ƙarfi. Kamar na rungumi turmi. Na saci kallo ƙasa, sai na ga a ƙarƙashin adon an naɗe ƙugun gangar da igiyar fata, zagaye bisa zagaye, an ɗaure tamau. Kalangun da aka yi wa haka murya ɗaya gare shi. Ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya cewa komai. Na buga, ya ce kan. Na sake, ya ce kan.

Daga bayan kunnena na hagu kuwa sai ga barka da zuwa ta fito, tas, kowace gaɓa a mazauninta, da wani ɗan lanƙwasa a ƙarshe wanda ban taɓa ji ba sai a hannun Baba. A gwaji bugunmu biyu yakan cakuɗe, ban taɓa jin ɗan mahauci ya buga ta shi kaɗai ba. Ran nan na ji shi. Ya gai da Bature, ya gai da hedimasta, ya gai da iyaye, wani tsoho a benci na uku ya amsa da ƙarfi "yawwa, mun gode" kafin ya tuna inda yake.

An sha tambayata a raina me ya sa ban ajiye gangar na fita ba. Amsar ba ta da daɗi. Na ci gaba da bugawa. Ina riƙe da lokaci, kan, kan, kan, hannuna na hagu kuma yana ta matsa matacciyar tsarkiya don ya saba, sama da ƙasa, daidai inda maganar take hawa da sauka. Duk wanda ke zaune a gaba ya ga gwiwar hannuna tana motsi, ya ji ganga tana magana, ya haɗa biyun. Matar Bature ta nuna ni da 'yar takardarta. Na baya ne kawai, masu tsayuwa, ba a ruɗe su ba, don su da kalangu suke karin kumallo. Wani mahauci mai ƙaton wuya ya daka tsawa, "Namu ne! Na bayan nan namu ne!" 'Yan uwansa suka ɗauka da sowa. Na gaba suka ɗauka murna ce kawai irin ta mutanen kasuwa.

Da aka gama hedimasta ya kai ni gaban Bature na sha hannu. A hanyar gida mahaifina yana tura kekensa ina biye, muka yi tafiya mai nisa, sannan ya ce, "Da kyau." Ta biyu ke nan a shekarar, kuma ta ƙarshe. Ita ce kalmar da na fi amincewa da ita a duniya, ga shi ta faɗa kan aikin ɗan wani. Ban gyara masa ba.

Kafin mu bar makaranta ran nan na riga na tare ɗan mahauci a bayan sito, yana kwance gangunan yana jerawa.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ɗaurin, yau na gani. Sauran kuwa tun ranar da ya yi maka take." Bai ɗago ba. Ba dariya yake mini ba, da ma ita ce da ta fi sauƙi. "Wanda ake yi wa take ba a koya masa, ɗan akawu. Ai kowa ya sani."

"Wane ne kowa?"

"Duk wanda ubansa ke kasuwa." Ya ɗan yi tunani. "Ni da ya yabe ni sau ɗaya, da na san ya sallame ni."

Wato rabin ajin. Ɗan tela ya sani, ɗan mai gyaran keke ya sani. Duk dariyar nan da ake yi in Baba ya ɗaga hannu yana kururuta ni, na ɗauka da ni ake yi. Mu 'ya'yan ma'aikata ne kaɗai, mu huɗu ko biyar, muke zaune da tunanin ana ba da maki, kuma a cikinmu ni kaɗai na damu da sakamakon.

Washegari aka ba da hutu. Na zo da wuri na sami Baba yana naɗe buzunsa. An gayyace shi biki a Katabu, zai bi motar itace da ke wucewa da hantsi. Yana ganina ya washe jajayen haƙoransa ya kai hannu ga kalangu.

"Kada ka buga," na ce. Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. "Baba, mahaifina ne ya ce ka ɗaure?"

"Ubanka? Ban taɓa ko gaisawa da shi ba."

"Hedimasta ne?"

"Shi mi ya sani? Shi dai a yi a tafa."

Na so ƙwarai a ce ɗayansu ne. Da na sami wanda zan yi fushi da shi, in bar Baba a inda na ajiye shi.

"To don me?"

Ya zauna a kan ƙullin kayansa, ya ɓare goro, ya dube ni kamar mai bayyana wa baƙo hanyar kasuwa.

"Ɗan babban akawu ba a koya mai kiɗi. Yi mai ake. In na murɗe kunnenka yau, gobe ka zama babban mutum, in taho ƙofar gidanka da kalangu, mi za ka tuna? Kunne. Wancan kuwa da shi zai ci tuwo, dole in shiga jikinshi. Kai ko ka iya, ina za ka kai shi? Ubanka shina barinka ka bi mahauta?"

"Amma kawo ka aka yi ka koya mana."

"Anka kawo ni iyaye su zo su ji daɗi. Ba su ji ba? Ubanka bai ji ba? Na sa ka gaba, na ba ka gangata, na tsare ka kada ka ji kunya gaban Nasara. Mi na rage ma?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da gaske yake tambaya. A ganinsa ya yi mini duk abin da mutumin kirki zai yi wa ɗan manya. Ya zauna wata uku a makaranta, yana cin tuwon makaranta, sunan darasinsa yana jadawali, amma ko yini ɗaya bai bar kasuwa ba. Hedimasta ya ɗauko hannun mutumin, bai san sana'ar tana tahowa da dokokinta ba.

Na ce, "To na roƙe ka abu ɗaya. Ba ni wanda ba a ɗaure ba in buga, ni kaɗai, ba kowa a bayana. Ka saurara, ka gaya mini gaskiya. In ban iya ba ka ce ban iya ba. Ba zan gaya wa kowa ba, kuma ba zan riƙe ka ba ko na zama gwamna."

Ya yi dariya kan gwamnan, amma ya miƙo mini kalangun gwaji. Na rataya. Tsarkiyar ta amsa matsi, har na ji sanyi a raina. Na buga barka da zuwa tun daga farko har ƙarshe, a hankali, wa mangwaro da karyayyun bencina. Bai katse ni ba, wannan ne karo na farko. Kansa yana sunkuye, ya daina tauna. Da na zo gaɓar nan da na taɓa zargi, na ga hannunsa na dama ya taso daga gwiwarsa ya nufo gwiwar hannuna. Na tabbata na gani. Ya zo rabin hanya, ya tsaya, ya koma aljihu ya lalubo sauran goron.

Na gama. Na jira.

"Madalla, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ba a taɓa yin irinka ba."

Shekarata goma sha biyu, dattijo mai furfura yana ce mini ranka ya daɗe. Na cire gangar na ajiye a kan buzu. Ban sake rataya kalangu ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban san ko ina da hannu ko ba ni da shi ba. Mutum ɗaya ne ya saurare ni da kunnen da zai iya sani.

Ɗan mahauci ya iso, aka ɗora masa kayan a ka, don shi zai raka Baba bakin titi. Tun kafin su kai ƙofar makaranta aka fara.

"Haka aka ɗaukar ganga, jaki? Jiya ma ka ci sa'a ne. Gaisuwar Nasara ka ja ta awa mai jan akuya. Kuma wa yac ce ka ƙara wanga lanƙwasa a ƙarshe? Kai wa, da za ka yi ado?"

Na tsaya a gindin mangwaro ina saurare har suka sha kwana. Zagin ya yi ta raguwa, yana nisa, ina ta kasa kunne ko ɗaya zai ɓato hanya ya faɗo kaina.